Sawun da Ke Bakin Buji

Ranar Asabar da hantsi raƙumi ya shigo Rijiyar Aduwa yana jan kwad. Kwad ɗin babur ne mai ƙafa huɗu, mallakar ƙungiyar makiyayan wannan yanki na kwarin Tarka, kuma wata bakwai ke nan da kawo shi don kai allurar dabbobi rijiyoyin da mota ba ta zuwa. Ya bar gari da sassafe lafiya lau. A kilomita goma sha biyu ya fara tari, ya yi shuɗin hayaƙi, ya kasa hawa tudun yashin da ya saba hawa. Attahir, matashin bakaniken da ke tuƙa shi yana kuma kula da injinsa, ya zaro sandar mai ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ji yashi.

Kafin azahar gari ya gama shari'a. Ranar Alhamis Attahir ya yi wa injin juyen mai, kowa ya gani. Wasu suka ce ya manta bai mayar da filtar iska ba. Wasu suka ce ya sayar da ta ainihin a Tanut ya cusa tsumma. Babu wanda ya ga ko ɗaya, amma yaron da ya tafi Damagaram da jaka ɗaya ya dawo da takardar sheda da aikin ƙungiya ba ya rasa masu ba da shaida a kansa.

Hajiya Yagana, shugabar ƙungiyar, ta aika a kira Gajere mai bin sawu. Shekararsa sittin da biyu, kuma ba a san raƙumin da aka sata a yankin ya kwana uku bai nuna ƙofar da ya shiga ba.

"Malam Gajere, Litinin zan rubuta wa waɗanda suka ba mu kwad ɗin," ta ce. "In sakaci ne, yaron ya bar aiki. In sayarwa ya yi, jandarmomin Belbeji su ji da shi. Ina so in san abin da zan rubuta."

"Hajiya, ƙafa na sani, ban san ƙarfe ba."

"Ƙarfen ba shi ya zuba wa kansa yashi ba."

Gajere ya miƙe ya yi mata sallama. Shekara goma sha tara shi ne yake gaban masu allura a kan raƙumi, yana nuna musu inda garkuna suka dosa. Tun da kwad ya zo, waya ake bugawa makiyaya su faɗi rijiyar da suke, Attahir ya kai ma'aikaci ya dawo kafin la'asar. Da ya ga raƙumi yana jan abin a tsakiyar kasuwa, wani sanyi ya ji a ƙirjinsa. Bai faɗa wa kowa ba.

*

Rumfar da ake ajiye kwad ɗin ta zana ce, a bayan ofishin ƙungiya, ƙofarta igiya. Gajere ya hana kowa shiga. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe.

Awaki sun bi ta wurin sau biyu, masu jan kwad sun tattake sauran. Abu biyu suka tsira. A waje, gefen gabas, sawun raƙumi da ya durƙusa, na jiya, ƙafar baya ta dama tana da tsohuwar tsaga. A ciki kuma, daidai inda gefen hagu na injin yake tsayawa, shacin saƙar buhu a ƙasa, da kwarmin gwiwa guda a tsakiyarsa. Wani ya shimfiɗa buhu ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya daɗe a wurin.

Ya juya ga kwad ɗin. Bai san sunan komai a jikinsa ba, amma ya san ƙura. Injin yana da buji biyu, wato fulogin da ke ba shi wuta, kowane a cikin ɗan raminsa. Ramin dama ya cushe da ƙurar watanni, ta haɗu da mai ta zama ɓawo. Ramin hagu kuwa an share shi. Ƙurar da ke kansa siririya ce, ta tafiyar safiya ɗaya, kuma a ƙarƙashinta ana ganin shara uku, lanƙwasassu, masu siraran layuka kamar inda tsuntsu ya goga fiffike a ƙasa. A gefen ramin wani ɗan zare ya manne a mai. Ya ciro shi da farce. Ɗan ɓangaren gashin tsuntsu ne, baƙi da farin ɗigo.

Zabi sun fi ɗari a Rijiyar Aduwa. Haka ya faɗa wa kansa. Ya naɗe abin a takarda ya sa aljihu, ya yanki tsumma ya ɗaure gefen hagu na injin, ya ce kada a taɓa.

*

Raƙumi mai tsagar ƙafa na Rissa ne, kuma shi ne ya jawo kwad ɗin. Rissa Buzu ne mai raƙuma tara, wanda a da ƙungiya take ɗaukar huɗu daga cikinsu duk lokacin allura. Gajere ya same shi a bakin rijiya yana duba doron ɗaya daga ciki.

"Jiya ka durƙusar da wannan a bayan ofis."

"Na durƙusar."

"Me ka je yi?"

"Kallo." Rissa ya gyara tagelmust ɗinsa, rawanin da ya rufe masa baki. "Kowane Juma'a nakan leƙa shi kafin masallaci. Ina so in gane abin da yake da shi wanda nawa ba su da shi. Ba ya ba da nono, ba ya haihuwa, ba ya sanin hanyar gida. Amma shi ake wanke wa jiki."

"Ka shiga?"

"Kai ne mai ido. Ka ga ƙafata a ciki?"

Bai gani ba. Sawun Rissa ya tsaya a jikin zana ya koma.

"Yau da na ɗaura masa igiya," in ji Rissa, "na zaga da shi ta kasuwa, ko da yake akwai gajeriyar hanya ta bayan makaranta. Wannan laifin na amsa. Amma ni ko inda bakinsa yake ban sani ba, balle in ba shi yashi. Kai fa, Gajere? Abincinka ma shi ya ci. Wa zai bi naka sawun?"

Gajere ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

"Lokacin da ka bar wurin ka ga wani?"

"Mutane duk sun nufi masallaci. Ban waiwaya ba."

*

Attahir yana zaune a zauren gidansu, wani ƙaramin akwatin roba a kan cinyarsa. Ya miƙe da ya ga Gajere, ya ba shi tabarma.

"Ranar Alhamis me ka taɓa?"

"Mai na juye, Baba, na wanke filta. Shi ke nan."

"Buji fa?"

"Ban taɓa su ba. Lokacinsu bai yi ba."

"In za ka cire su, da me kake share wurin?"

Attahir ya dube shi da mamaki. "Da famfon taya. In hura ƙurar ta fita. Haka aka koya mana a Damagaram."

"A nan fa, me aka koya maka?"

"Maigida Barmo da gashin zabo yake yi. Yakan ce iskar famfo cikin inji take tura ƙura." Ya yi ɗan murmushi. "Har yau in ya gan ni da famfo sai ya ce wa mutane ga mai hura wa inji kunne."

Barmo shi ne tsohon bakaniken garin. A garejinsa Attahir ya yi shekara shida yana koyo kafin ya tafi. A wannan garejin ne kuma Gajere yake shan shayi kowace yamma tun kafin a haifi Attahir.

Gajere ya nuna akwatin da haɓa. Attahir ya buɗe. Agogo ne mai allura ɗaya, da ɗan tiyo mai baki na ƙarfe.

"Numfashin inji yake aunawa, Baba. A cire buji, a ɗaura wannan a gurbinsa, a danne totur har ƙarshe, a juya injin. Yadda fistan ya matse iska, haka allura take hawa. Injin nan silinda biyu gare shi, iska kuwa ta ƙofa ɗaya suke sha. In ni na bar ƙura ta shiga ta filta, dukansu biyu za su faɗi tare. In guda ne kawai ya faɗi, to ta bakin buji aka zuba. Na roƙi Hajiya in auna, aka ce kada in taɓa, wai zan ɓoye wani abu."

Gajere ya karɓi agogon ya juya shi a hannunsa. Bai fi tafin hannu ba. Shi ya yi shekara arba'in yana koyon karanta abin da ya faru a inda ba ya nan, ga wani ɗan abu da aka saya a kanti yana ganin cikin ƙarfe, kuma yaro mai shekara ashirin da shida ne ya iya yarensa. Ya mayar masa da shi da sauri fiye da yadda ya yi niyya.

"In duka biyun suka faɗi fa?"

"Sai in bi jandarmomi da ƙafata."

*

Da la'asar ya tafi garejin Barmo kamar kullum. Bencin yana inda yake, ƙarƙashin aduwa, shayi a kan garwashi. Barmo yana kwance wani injin ban ruwa. Ya shimfiɗa buhu, ya durƙusa da gwiwar hagu, ta dama miƙe a gefe, don ta daɗe ba ta lanƙwasuwa.

"Sarkin leƙen ƙasa," ya ce bai ɗago ba. "An ce yanzu sawun taya kake bi. Girma ya faɗi."

"Yunwa ce, tsohon maƙeri."

"Me ƙasa ta gaya maka?"

"Awaki sun riga ni."

Barmo ya tashi da ƙyar ya zauna a gefensa, ya zuba shayi. Gashin zabon yana soke a naɗin hularsa, inda yake koyaushe. A gefe ɗaya na gashin akwai ɗan giɓi. Gajere ya kalle shi sau ɗaya ya mai da ido kan kofinsa. Ya tuna jiya a masallaci, sai a raka'a ta biyu ya ji an ja kujerar da Barmo yake salla a kai a sahun baya.

"Shekara talatin da huɗu," in ji Barmo. "Duk injin da ya yi tari tsakanin nan da Belbeji, ni ake kawo wa. Da wannan babban yatsa nake aunawa. In toshe ramin buji, a juya, yadda ya ture ni in san kwanakin da suka rage masa. Ranar da aka kawo kwad ɗin na je in gani. Na miƙa hannu kawai, Gajere. Wani ɗan ofis mai tabarau ya ce, Baba, a bar wa mai takarda. A gaban yaron da na koya wa riƙe kilen kwance noti."

"Yaron me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya sunkuyar da kai." Barmo ya kurɓi shayi. "Da ya yi dariya ma da ya fi mini sauƙi."

Wata mota mai ɗauke da buhunan gero ta wuce ta nufi Tanut.

"Ka ce awaki sun riga ka," in ji Barmo. "To ka faɗa wa Hajiya haka. Ba ƙarya ka yi ba. Allura ba za ta jira inji ba, garkuna sun kusa gangarawa kudu. Jibi za a nemi raƙuma, a nemi mai nuna hanya. Yaro ne, ya koma Damagaram, aiki ba ya ƙarewa a can."

"Daga hannun jandarma zai koma?"

"Hajiya faɗa kawai take yi."

Gajere ya san Hajiya Yagana ba ta faɗa kawai. Ya kuma san abin da Barmo ya miƙo masa abu ne da ya yi wata bakwai yana so. Shiru kaɗai ake nema a wurinsa. Ya shanye kofi na biyu, bai jira na uku ba.

*

Ranar Lahadi da safe aka turo kwad ɗin tsakar gidan ƙungiya. Hajiya Yagana tana kan kujera. Rissa ya jingina da bango, Attahir yana tsaye da akwatinsa, mutane kusan talatin sun cika ƙofa. Barmo ya zo ne don Gajere ya aika masa.

"Yaron nan ya ce agogonsa zai nuna ta inda yashi ya shiga," in ji Gajere. "Na yarda a auna. Amma shi ake zargi, hannunsa ba zai buɗe injin ba. A ba babban bakanike ya cire buji. Barmo, fara da na dama."

Barmo ya dubi Hajiya, ta ɗaga masa kai. Ya dubi mutanen da ke ƙofa. Ya gyara riga, ya karɓi buhu ya shimfiɗa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ya zare hular bujin. Kafin ya ɗauki kile hannunsa ya tafi hularsa, ya zaro gashin zabo, ya share ramin sau uku, ya busa.

"Tsaya nan," in ji Gajere.

Ya zagaya ya kwance tsumman da ya ɗaure gefen hagu. Ya kira Hajiya, ya kira limamin unguwa da ke cikin taron, ya nuna musu ramin dama da aka share yanzu a gabansu, sannan ramin hagu. Shara uku a nan, shara uku a can, lanƙwasa iri ɗaya. Ya warware takardar aljihunsa ya ɗora ɗan zaren a tafin hannu.

"Wannan a ramin hagu na same shi jiya. A rumfa kuma akwai shacin buhu da gwiwa ɗaya, daidai wannan gefen. Rissa ya je wurin ranar Juma'a, bai shiga ba. Attahir da famfo yake share buji, kowa ya sani, don an sha yi masa dariya a kai." Ya miƙa hannu. "Ara mini gashin, Barmo."

Barmo bai miƙa ba, bai kuma ɓoye ba. Gajere ya zare shi daga yatsunsa, ya ɗora zaren a giɓin. Ya zauna daidai.

Barmo yana kallon ramin hagu kamar wanda aka nuna wa rubutun da bai tuna ya yi ba.

"Na share shi ashe," ya ce a hankali.

"Ka share."

"Don kada ƙura ta faɗa ciki." Ya saki wata gajeriyar dariya. "Yashi cike da ledar shayi a aljihuna, ni kuma ina share ƙura."

Hajiya Yagana ta ce a auna duk da haka, tana son lamba a takardarta. Barmo da kansa ya cire bujin biyu, don babu wanda ya ce ya tashi. Attahir ya ɗaura tiyon a ramin dama, ya danne totur, ya juya injin. Allura ta yi tsalle huɗu ta tsaya a lamba goma sha ɗaya. Ya mayar hagu. Ta hau da ƙyar ta tsaya a huɗu. Ya zuba cokali guda na mai a ramin ya sake juyawa, ta kai takwas.

"Man ya toshe inda yashi ya ci," ya ce wa Hajiya. "Zoben fistan ne da bangon silinda. Na dama lafiya yake." Ya buɗe akwatin filta ya nuna. Tana nan, ta ainihi, bayanta fes.

Barmo ya miƙa babban yatsansa ya toshe ramin hagu. "Juya," ya ce. Attahir ya juya. Yatsan bai motsa ba.

"Huɗu," in ji Barmo. "Agogonka bai yi ƙarya ba."

"Maigida," in ji Attahir, "da kun ce in kawo muku shi gareji ku duba, da na kawo."

"Na sani. Shi ya sa ban ce ba."

Hajiya Yagana ta rufe littafinta. Ta ce sunan Attahir ya fita. Maganar Barmo za ta je gaban mai gari da la'asar, daga nan a ga ko za ta wuce Belbeji. Injin za a ɗora shi a motar kasuwa zuwa Damagaram, gyaransa wata guda ne ko fiye. Ta juya wurin Rissa ta tambayi raƙuma nawa ne za su iya tashi ranar Talata.

Mutane suka fara watsewa. Barmo ya naɗe buhunsa. Gajere ya miƙa masa gashin zabon, ya karɓa ya soke a hula.

"Kai ma ka so kwad ɗin ya mutu," in ji Barmo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na so."

"To me ya raba mu?"

"Kai ka durƙusa."

*

Ranar Talata raƙuma huɗu suka tashi daga bakin rijiya da akwatunan allura a naɗe cikin jiƙaƙƙun buhuna. Gajere ne a gaba. Attahir yana na uku, ya riƙe sirdi da hannu biyu, Rissa yana koya masa yadda ake zama ba tare da an roƙe shi ba.

Hanyar arewa ta gaban garejin Barmo take bi. Ƙofar a buɗe take, ana jin ƙarar guduma a ciki. A ƙarƙashin aduwa babu benci. Daga kan raƙumi Gajere ya ga ramuka huɗu inda ƙafafunsa suka zauna shekara talatin, da layi biyu inda aka ja shi zuwa cikin gareji. Sawun mutum ɗaya ne, mai jan ƙafar dama, kuma na jiya da yamma ne, daidai lokacin shayi.

Ya karanta shi har ƙofa, sannan ya ɗaga kai ya nuna wa masu allura hanya.